Tumakin Edna Sun San Hanya

Edna Relph ba ta taɓa kwana nesa da kwarin nan ba, in ban da lokacin da aka kwantar da ita a asibitin Carlisle aka cire mata tsakuwa a ciki. Shi ma da likita ya ce ta ƙara hutawa, tattara kayanta ta yi cikin jaka, ta ce masa tumakinta ba su san da wannan zancen ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk sun yi kanta, muryarta kuwa in ta kira kare daga gindin tsauni, matar fasto tana ji daga ɗakin girkinta can ƙasan kwari.

A Skelgarth aka haife ta, gonar ƙarshe, inda kwalta ke ƙarewa hanya ta koma tsakuwa. Ubanta Isaac Mounsey ɗa namiji ya so. Da Allah ya ba shi Edna, kuma bai ƙara masa wani ba, sai ya daina ƙorafi ya yanko mata sanda daidai tsawonta. Tun ba ta iya ɗaure igiyar takalminta ba take bin sa tsauni, yana gaba tana baya, ba ya ko waiwayowa ya ga ko ta faɗi. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. Abin da ya koya mata da baki bai cika cokali ba, sauran duk da ƙafa ta koya.

Tsaunin na haɗaka ne. Gidaje shida ke kiwo a kansa, ba shinge ba waya, tun daga katangar da ta raba shi da gonaki har can inda hazo ke kwana. Amma kowane garke ya san nasa. Na Skelgarth daga rafin da ke gangarowa ta tsakiya suke farawa, su tsaya a Baƙin Dutse, ba sa ƙetarawa ko da ciyawar wancan gefen ta fi tsayi. Ba wanda ya shata musu iyaka. Tunkiya ce ke hawa da 'yarta a bayanta, ta nuna mata inda ake shan ruwa, da inda ake fakewa in iska ta juyo daga gabas, da inda laka ke haɗiye ƙafa, ita ma in ta girma ta nuna wa tata. Isaac bai saye su ba, a gonar ya tarar da su, kamar yadda ubansa ya tarar. Tunkiya kam ana samunta a kasuwar Wigton duk ranar kasuwa. Wannan sanin ne ba a kasa shi a sayar, kuma in ya yanke ba mai ƙulla shi.

Ta auri Ken Relph, direban motar madara daga bakin teku, mutumin kirki mai yawan dariya da tsoron rago. Mutanen kwari suka ce auren nan ba zai kai baɗi ba. Ya kai shekara talatin. Ken bai taɓa iya bambanta tunkiya da 'yar'uwarta ba, Edna kuma ba ta taɓa neman ya iya ba. Yana dawowa daga aiki zai ɗora tukunya, ita ta shigo da laka har gwiwa ta tarar da shayi. Da zuciyarsa ta buga wata safiya a bakin motarsa, ta yi kuka sosai, aka binne shi, washegari ta hau tsauni don lokacin tara tumaki ne. Masu gulma suka samu abin yi, da ma ba su da tumakin tarawa. 'Yarsu ɗaya, Janice, aikin jinya take yi a Leeds, kuma tun tana ƙarama ta faɗa ba ta ɓoye ba, ita warin jiƙaƙƙiyar tunkiya tayar mata da zuciya yake yi.

Maƙwabcinta na kusa shi ne Wilf Birkett, sa'anta, tare suka yi firamare. Da ƙuruciyarsa ya yi tashen kokawa, har ya taɓa kayar da wani ƙato a filin Grasmere, kuma bai bar kowa ya manta ba. Edna "Sarkin Kokawa" take ce masa, shi kuma ya ce mata "yarinya", har suka yi furfura. In tunkiyar Skelgarth ta ɓata ta faɗa cikin nasa, ba ya jiran taron makiyaya na watan Nuwamba, inda kowa ke kawo baƙin tumakin da ya tsinta a mayar wa masu su, a ci dankali da naman rago a mashaya, a yi waƙa har murya ta dushe. Shi da ya ga shaidar Skelgarth, wato jan layi a kafaɗar hagu da tsaga biyu a kunne, zai sunkuce ta ya kawo, ya ɗora ta ta kan katanga, ya tsaya jiran ladan shayi.

"Yarinya, ga 'yarki na kawo miki. Tarbiyya dai ta yi ƙaranci a gidan nan."

"Ciyawarka ta je gani, ta tarar ba komai sai duwatsu da surutu. Shigo, Sarkin Kokawa, amma ka cire takalman nan kafin ka ɓata mini ɗaki."

Mu a nan ba a ganin tunkiyar maƙwabci a hanya a wuce ta. Wanda ya yi haka, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Sanyin tsauni ya fi ƙarfin 'yan tumakin da aka haifa a shekarar, don haka kowane Nuwamba ake loda matan cikinsu a mota a kai su ƙasa, gonakin bakin tekun Solway, su ci ciyawa mai laushi har watan Afrilu. Na Edna gonar Armstrong suke zuwa tun zamanin Isaac. In an dawo da su aka buɗe musu ƙofar tsauni, ba mai kora, kowace za ta miƙe sak zuwa inda uwarta ta shayar da ita. Edna ta sha tsayawa kallon wannan, ba ta kuma taɓa gajiya da shi ba.

A shekarar 2001 ta ɗan haura sittin. Ƙarshen Fabrairu aka ji a rediyo cewa an ga ciwon baki da kofato a wata mayanka can kudu. Tsofaffi suka yi tsit, matasa suka ce ai kudu da nisa. Kafin a ce kwabo ya ɓulla a kasuwar dabbobi ta kan iyakar Scotland, inda tumakin rabin ƙasar nan ke bi. Aka hana fitar da ko akuya daga gona. Aka toshe hanyoyin ƙafa, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa jiƙe da magani a bakin kowace gona, ga bokiti ga burushi. Mai kawo wasiƙa da mai burodi suka daina shigowa, sai su ajiye a akwati a bakin titi. Aka rufe coci, mashaya ta zama kango. Mutanen da suka saba jingina da katanga ɗaya suna hira suka koma ɗaga wa juna hannu daga nesa, kowa yana satar kallon takalmin ɗan'uwansa.

Sai hayaƙi. Daga ƙofar tsauni, in gari ya washe, ana hango filin Solway shimfiɗe har teku. Da farko guda ɗaya ne, baƙi, siriri, yana tashi a miƙe. Can suka zama uku, daga nan Edna ta daina ƙirgawa. Katakon layin dogo da kwal ake jerawa, a ɗora shanu da tumakin da aka kashe saboda ciwon, ƙafafu a sama, a cinna wuta ta yi ta ci kwana da kwanaki. In iska ta juyo daga arewa, warin har cikin kabad ɗin tufafi yake shiga. Kowace safiya hayaƙin ya fi na jiya matsowa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. To ruwa kam an shafa, an wanke takalmi an wanke taya har fatar hannu ta ɗaye, amma kowa ya san iska ba ta tsoma ƙafa a bokiti.

Tsakiyar Maris waya ta yi ƙara tana cikin yanka burodi. Armstrong ne. Mutum mai murya kamar ta bijimi, amma ran nan da ƙyar take jin sa.

"Edna, an sami ciwon a shanuna. Sun ce duk mai kofato a gonar nan zai tafi."

"Har nawa?"

"Har naki. Gobe za su zo. Na roƙe su, Allah ya sani na roƙe su, na ce waɗannan ba na nan ba ne, 'yan tsauni ne."

"Ka ba su abinci da safe," ta ce. "Kar su tafi da yunwa."

Ta ajiye wayar ta nemi wuri ta zauna. Haihuwar shekara guda ce cur, ba a bar ko ɗaya ba. Ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, amma ta lallashi kanta irin yadda makiyayi ke yi: iyayen suna sama, cikinsu ya tsufa, muddin suna nan ba abin da ya yanke.

Watan Afrilu ya kama, lokacin sauko da masu ciki gona su haihu. A ƙa'ida gidaje shidan tare suke hawa, mutane da karnuka tuli, a taso tsaunin tun daga sama kamar ana taje kai. Bana ba hali, kowa shi kaɗai, a ranarsa. Edna ta hau da karenta Tip suka wuni, suka sake komawa, gwiwoyinta kamar za su ɓalle. Ta sauko da ɗari uku da wani abu ta zuba su a babban filin da ke jikin katangar tsauni. Biyar suka gagare ta, tsofaffi masu wayo, suka maƙale a saman Baƙin Dutse inda kare ɗaya ba ya iya zagaye su. Ta zage su tas, ta ce su zauna can su haifa wa hankaki. Wilf kuwa ko fara tara nasa bai yi ba. Da ma shi a komai yana makara, in ban da cin abinci.

Ranar da abin ya faru safiya ce mai kyau, rana ta fito, 'ya'yan fari sun fara faɗowa. Edna na cikin rumfa tana ba wani maraya madara, sai ta ji ƙarar akori-kurar Wilf, abin da ta yi makonni ba ta ji ba a wannan hanyar. Kafin ta fito ya riga ya tsaya a jikin katangar babban fili yana kakkaɓe hannuwa, fuskar nan fal murna kamar wanda aka sako daga kurkuku.

"Yarinya! Ɗora ruwan shayi. Na je ɗauko burodi a bakin titi, sai ga 'yarki tsaye tsakiyar kwalta tana hararata kamar ni na ɓatar da ita. Duk ta rame. Na sa miki ita ciki."

"Wilf, me ya fito da kai? Ka wanke tayar nan kuwa?"

"Na wanke, na wanke. Ke dai ba ki gaji godiya ba."

Edna ta leƙa ta kan katanga. Tumakin tsauninmu baƙaƙe ake haifarsu, su yi ruwan ƙasa a shekarar farko, sai sun girma suke komawa ruwan toka. Filin cike yake da manya masu ruwan toka. A tsakiyarsu ga wata 'yar kazganya mai ruwan ƙasa, gashinta duk ƙaya da laka, tana kutsawa, ta shinshina wannan ta shinshina waccan, har ta tsaya a jikin wata tsohuwa ta lafe. Ga jan layi a kafaɗar hagu, ga tsaga biyu a kunne.

"Wilf," ta ce a hankali. "Dubi launinta."

Ya duba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kaɗan-kaɗan.

"'Yan shekara ɗaya nawa gare ni a kwarin nan bana?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Duk suna gonar Armstrong, duk an harbe su. Wannan tserewa ta yi, da ƙafarta ta taho."

Tafiyar ta fi mil ashirin, kuma ba gonar da ke kan hanyar da ba ta ga hayaƙi ba. Ta ratsa su duka, ta sha inda shanu suka sha, ta kwana inda suka kwana, tana neman gida. Da a wata shekarar ce, da labarin nan sai an ba da shi a mashaya har an gaji. Wilf ya dafa katanga da hannu biyu. Shekara hamsin yana ganin jan layin nan yana sunkuta, yau ma hannunsa ya riga tunaninsa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Sai dai Wilf ba wawa ba ne, maƙwabcin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Edna ta haura katangar, ta kama kazganyar ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe mata baki. A dasashin sama ga miki biyu jajaye, fatar ta saluɓe. Ta duba tsakanin kofato, nan ma haka.

"Ba wanda ya gani," in ji Wilf. "Daga ni sai ke. Bari in kawo bindiga da shebur, kafin rana ta take mun gama. A bar kaza cikin gashinta, yarinya."

"Ta shinshina rabin garken nan, Wilf. In na yi shiru, kafin ka ankara ciwon yana gonarka, yana ta maƙwabcinmu Tyson, yana ko'ina. Tafi gida. Ka ƙona kayan jikinka, kuma kar ka je kusa da tumakinka."

"Edna, ni ne na..."

"Na sani. Tafi."

Ita da kanta ta buga waya ta faɗa wa hukuma.

Likitar dabbobin da aka turo mace ce daga kudu, cikin farar rigar roba daga kai har ƙafa, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ba ta daɗe a bakin kazganyar ba. Edna ta faɗa mata yadda aka yi, aka kira Wilf ya tsaya daga nesa ya ba da nasa. Likitar ta ce tunda tumakinsa suna sama bai taɓa su ba, za a ƙyale su, amma shi kada ya kuskura ya hau. Sannan ta juyo wajen Edna.

"Misis Relph, sai haƙuri. Duk abin da ke gonar nan zai tafi. Na tsauni za mu sa musu ido. Amma ki sani, in aka ga alama a jikin ko da guda ɗaya a sama, ba za a tsaya tambayar na wane ne ba. Tsaunin gaba ɗaya za a share, gidaje shidan."

"Na ji."

"Kina da saura a sama? In akwai naki, dole a sauko da su su bi 'yan'uwansu."

Edna ba maƙaryaciya ba ce, ko shekarun rago ba ta taɓa ragewa a kasuwa ba. Amma ta tuna tsofaffin nan biyar da cikin da ke jikinsu. Duk abin da Isaac ya tarar, da wanda ubansa ya tarar, yanzu a kawunan nan biyar ya rage. Ba su sauko ba, ba su ga kazganyar ba. Laifin me suka yi?

"Babu," ta ce. "Su ke nan."

Wilf ya san da su, don ta yi masa mitarsu a waya. Ya sunkuyar da kai.

Washegari suka zo, mahauta da sojoji da babbar mota. Suka yi ƙoƙarin kora garken cikin shinge, tumakin suka watse, don ba su san muryar kowa ba. Edna ta ce su matsa. Ta ɗauki buhun abinci ta girgiza, ta yi kiran da take yi kullum, suka biyo ta a jere har cikin shingen, masu jego da 'ya'yansu a gefe. Ta rufe su da hannunta. Daga nan ta shige gida ta ƙure ƙarar rediyo, amma bindigar mahauta ƙaramar ƙara gare ta, tas, tas, irin wadda ke ratsa bango. Har la'asar ana yi. Tip ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa.

Da motar ta tafi da su sai gonar ta yi tsit. Watan Afrilu a Skelgarth kunne ba ya hutawa, uwa na kira ɗa na amsawa, yanzu kuwa sai ƙarar rafi da kukan hankaki. Janice ta bugo tana kuka, ta ce Mama ki taho Leeds ki huta. Edna ta ce doka ta hana ta fita, kuma gaskiya ne. Aka ce masu feshin magani za su zo su wanke gonar, ba a faɗi rana ba. Kullum sai ta ɗaga kai ta dubi Baƙin Dutse, ta ce wa kanta suna nan, da sauran iri.

Abin da ta manta, ita da ta fi kowa sani, tunkiyar tsauni ba a gaya mata lokacin haihuwa. In cikinta ya isa, da kanta take gangarowa ta tsaya a ƙofa.

Wata safiya ta fito sai ta hango su. Su biyar ɗin, tsaye a bayan ƙofar tsauni, can ƙarshen babban filin da ba kowa, suna kallon gidan. Da suka gan ta, ta gaban ta yi kuka. In suka shigo, ƙasar filin nan guba ce. In masu feshi suka zo suka gan su da jan layi a kafaɗa, ta ƙare. Ta wanke takalmi a bokitin magani, ta ratsa filin da sauri, ta tsaya daga cikin ƙofa tana ɗaga hannu tana ihu. Ko gezau ba su yi ba, sun ɗauka abinci ta kawo. Sai ta sunkuya ta ɗauki dutse.

Tunda take ba ta taɓa jifan tunkiya ba. Dutsen farko ya faɗi a gabansu, na biyu ya sami ta gaban a haƙarƙari. Ta ja da baya tana kallon Edna. Da ƙyar suka juya suka hau. Washegari suka dawo, ta sake jifansu, tana zagi tana hawaye.

"Ku tafi, 'yan banza! Ku tafi, na ce, ba gida a nan!"

Haka aka yi ta yi, yau da gobe, har kafaɗarta ta riƙe. Ran nan da suka juya za su hau, sai ta lura ta ƙarshen ta tsaya a baya. Tana ajiye ƙafar gaba ta dama a hankali, ta ɗage da sauri kamar ta taka garwashi. Ta ɗan taɓa tafiya ta durƙusa, ta sake miƙewa.

Ɗingishi a tunkiya ba labari ba ne. Tsakuwa kan shiga kofato, danshi kan ruɓar da shi, a kowane garke ba a rasa mai ɗingishi. Haka Edna ta gaya wa kanta. Sai idonta ya sauka a kan ƙofar. A jikin sandunan ƙarfen, ta wajen tsauni, ga gashi maƙale, ya daɗe har ruwan sama ya wanke shi ya yi fari. Ƙasan wajen duk sawu ne da kashin tumaki, wani sabo, wani ya bushe tun tuni. Ashe ba yanzu suka fara zuwa ba. Tun garken na cikin filin suke saukowa, su zura hanci ta tsakanin sanduna su shinshini 'yan'uwansu, ita tana can rumfa tana fama da masu haihuwa. Wataƙila har ranar da kazganyar ta kwana a filin.

Ta ɗaga kai. Can sama, ƙetaren rafi, tumakin Wilf sun bazu a jikin tsaunin suna kiwo, gaba da su ga na sauran gidajen da ba su gama tarawa ba. Su biyar ɗin nan rafin za su je su sha, kuma kowa a nan yake sha. Ita da hannunta take kora su can kowace safiya.

Dutsen na hannunta har yanzu. Tana iya jifa ta koma gida ta ce tsakuwa ce, mai yiwuwa ma tsakuwar ce. Ta daɗe a tsaye, tana jin tsoron da ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar mutuwar Ken, ko ranar da mahauta suka zo. Sannan ta saki dutsen, ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito.

Tip ya taho a guje, ya tsallake katanga ya zagayo ta samansu. Bai sha wahala ba, don inda suke so ake kai su. Edna ta zare sakata ta wangale ƙofar. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ta gaban ta goga mata jiki a gwiwa tana wucewa, mai ɗingishin ta shigo a ƙarshe. Ta mayar da ƙofa ta rufe. Ta kawo musu abinci ta zuba mai yawa, ta tsaya har suka ci. Ba ta buɗe bakin mai ɗingishin ta duba ba, don ko da ciwo ko babu, sun riga sun taka filin.

A ɗakin girki ta buga lambar hukuma. Wani mutum ya ɗauka, da jin muryarsa ya gaji da irin wannan kiran.

"Skelgarth? Ai an gama da Skelgarth, Misis Relph."

"Ba a gama ba. Na ce wa likitarku babu saura, ba haka ba ne. Ku turo ta ta duba su, ta kuma duba na tsauni."



"Guda nawa ne?"

"Biyar. Duk da ciki."

"Bayan su, akwai wasu naki a sama?"

Ta taga tana hango su. Huɗu sun kwanta a jikin katanga inda rana ke bugawa, suna tuƙa. Ɗayar ta ware gefe tana tonon ƙasa da ƙafa tana zagaye, naƙuda ta taso mata.

"Babu," ta ce.